Ɗalibin da ya ce "kaina ba ya ja": rashin himma ne ko yadda yake kallon faɗuwarsa?

Abu Sadiq:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar koyarwa a jami'a. Ƙanina ya gama aji ɗaya a sashen kimiyyar sinadaran jiki da CGPA (matsakaicin makin duk kwasa-kwasansa) 2.25, da kari-oba (kwas ɗin da aka faɗi, sai an sake) biyu masu yunit uku-uku. A sakandare ba ya wuce na ɗaya zuwa na uku. Likitanci ya nema, makinsa bai kai ba, aka ba shi wannan kwas ɗin. Yanzu magana ɗaya yake ta nanatawa, wai kansa ba ya ja, karatun jami'a ba nasa ba ne. Ba zan ce ragwanci ba ne zalla, don idan jarrabawa ta matso kwana yake a aji yana karatu har asuba. A gida an yi nasiha, an yi faɗa, an ma yi alkawarin sabuwar waya, duk shiru.

Tambayata ita ce, wanne ake fara gyarawa, himmar ko tunanin? Kuma da gaske yadda mutum yake tunani yana taɓa makin da zai ci, ko maganar masu lakcar ƙarfafa gwiwa ce kawai? Ina son abin da za a iya aiwatarwa kafin a koma zango na gaba.

Maman Ilham:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kama wannan jumla ta "kaina ba ya ja", don ita ke juya sauran. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna bin diddigin dalilin da ɗalibi yake ba kansa idan ya faɗi. Bernard Weiner, wani masani a Amurka, ya nuna cewa kowane dalili ana iya auna shi da tambayoyi uku. Daga jikina yake ko daga waje? Mai ɗorewa ne ko mai gushewa? Yana hannuna ko ba ya hannuna?

Gwada su a kan maganganun da ɗalibai ke yi ranar da aka kafe sakamako. "Malamin ne ya kada ni" daga waje yake, kuma ba ya hannun ɗalibi. Yana rufa masa asiri a gaban abokai, amma zai koma zango na gaba ya yi daidai abin da ya yi a baya, tunda a ganinsa laifin na wani ne. "Kaina ba ya ja" shi ne mafi muni, domin daga jikinsa yake, mai ɗorewa ne, kuma ba shi da yadda zai yi da shi. Wanda ya yarda da wannan yakan koma kujerar baya, ya daina tambaya kada a gane bai sani ba, ya riƙa ɗage karatu, don buɗe littafin ma tuna masa yake da abin kunyar. Na uku shi ne "yadda na yi karatun ne bai dace da wannan kwas ba". Shi ma daga jikinsa yake, amma yana gushewa, kuma yana hannunsa. Shi kaɗai ne cikin ukun yake bar wa ɗalibi aikin yi gobe da safe.

Ba mamaki ba ne a ce wanda ya saba zuwa na ɗaya ne abin ya kama. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun ba yaran firamare wasu tambayoyi, suka yaba wa wasu da cewa suna da basira, wasu kuma da cewa sun yi aiki tuƙuru. Da aka kawo tambayoyi masu wuya, waɗanda aka yaba wa basira sun fi saurin karaya, sun fi zaɓar abu mai sauƙi, ƙoƙarinsu ya ja baya, har wasunsu suka ƙara wa kansu maki da aka ce su faɗi abin da suka ci. Yaron da ya shekara shida ana ce masa "mai ƙwaƙwalwa" yana ɗaukar F ta farko a matsayin hukunci a kan ƙwaƙwalwar tasa. Ya manta cewa zauren da ake koyar da lissafi da kimiyyar sinadarai na aji ɗaya cike yake da ɗaruruwan mutane, da yawansu su ma na ɗaya ne a makarantunsu, kuma babu malamin da zai bi shi ya duba ko ya kwafi darasi.

Ga abin yi. Na farko, ku nemo masa ɗalibai biyu ko uku na aji uku ko aji huɗu a sashensa, waɗanda suka fara da maki irin nasa suka farfaɗo. Kada ku kawo gwanin aji wanda bai taɓa faɗuwa ba, wannan ƙara masa ciwo zai yi. A 1982 Timothy Wilson da Patricia Linville sun gwada haka da ɗalibai 40 na shekarar farko a Jami'ar Duke, waɗanda makinsu ke damunsu. Rabinsu an nuna musu alƙaluma da hirar manyan ɗalibai masu bayyana cewa maki yakan yi ƙasa a farko sannan ya tashi. Waɗannan sun fi sauran ɗaga maki daga baya, kuma kaɗan ne cikinsu suka bar makarantar. Adadin ɗaliban ƙarami ne, amma an maimaita irin gwajin a wurare da dama an ga alama iri ɗaya.

Na biyu, ku zauna da takardar sakamakon, kwas bayan kwas. A kowanne ya rubuta amsar abu biyar: lakca nawa ya halarta, nawa ya ci a CA (makin gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango), a wane mako ya fara karanta kwas ɗin da gaske, tsofaffin tambayoyi nawa ya amsa ba tare da leƙa littafi ba, da kuma abin da ya tsayar da shi a ɗakin jarrabawa, ko mantuwa ce, ko rashin gane tambaya, ko ƙarewar lokaci. Kai kada ka ba shi amsa, tambaya kawai za ka yi. Yawanci da kansa zai ga cewa inda ya ci B ya fara da wuri, inda ya faɗi kuwa saura kwana huɗu ya buɗe handawut.

A kuma daina ce masa "kai fa mai basira ne, za ka iya". Da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma mayar da shi ake yi kan ma'aunin da ya kayar da shi.

Malam Mai Alli:

Hajiya ta yi bayani mai kyau. Ni lissafi zan ƙara, domin ɗalibi da yawa ba su san inda suke tsaye ba, sai su zaɓi ɗaya cikin biyu: ko su ce komai ya lalace, ko su ce ai akwai lokaci.

A ma'aunin maki biyar da yawancin jami'o'in Najeriya ke amfani da shi, 70 zuwa sama A ce mai maki 5, 60 zuwa 69 B ce mai 4, 50 zuwa 59 C ce mai 3, 45 zuwa 49 D ce mai 2, 40 zuwa 44 E ce mai 1, ƙasa da 40 kuma F. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, ta biyu babba daga 3.50, ta biyu ƙarama daga 2.40. Mu ƙaddara kwas ɗin na shekara huɗu ne, yunit 36 duk shekara. Ƙaninka ya tara 81 ke nan, wato 2.25 sau 36. Saura yunit 108, a ƙara 6 na kari-oba, 114. Jimillar abin da zai yi rajista 150.

Daraja ta ɗaya tana buƙatar 675, wato 4.50 sau 150. Cire 81, saura 594, raba da 114, ya ba ka 5.21. Ta wuce, a gaya masa gaskiya. Ta biyu babba tana buƙatar 525, wato 3.50 sau 150. Cire 81, saura 444, raba da 114, kusan 3.9. Ma'ana idan ya riƙe B a yawancin kwasa-kwasai, da 'yan A suna cike gurbin 'yan C, zai fita da ita. Amma idan ya sake shekara guda a kan 2.25, abin da zai buƙata a shekaru biyun ƙarshe ya koma 4.85, kusan A a komai. Aji biyu shi ne mahaɗar. Ya duba littafin dokokin tsangayarsu, don yadda ake ƙirga kari-oba da iyakar yunit na zango sukan bambanta.

Me ya haɗa wannan da himma? A 2012 Michelle Richardson da abokan aikinta biyu sun tattara binciken shekaru goma sha uku kan abubuwa 50 da ake dangantawa da makin ɗaliban jami'a. A cikin halayen zuci, wanda ya fi tafiya tare da maki shi ne yardar ɗalibi cewa zai iya kai wa wani maki takamaimai. Sanya wa kai makin da ake hari da iya dagewa idan karatu ya gundura su ma sun taka rawa sosai. Son karatu don daɗinsa kawai yana da alaƙa da maki, amma 'yar kaɗan. Saboda haka "zan dage bana" ba manufa ba ce. Manufa ita ce "ina son 24 cikin 30 a CA na wannan kwas, da 40 cikin 70 a jarrabawa, jimilla 64".

Ita kuma wannan yarda ba a zuba wa mutum ita da baki. Albert Bandura, wanda ya fito da batun a 1977, ya lissafa mafarinta huɗu, kuma mafi ƙarfi shi ne mutum ya ga ya yi abu da hannunsa ya yi nasara. Ganin tsaransa ya yi shi ne na biyu. Kalaman ƙarfafawa suna baya. Don haka ku sa ido a kan gwajin farko na zango. Ya zaɓi kwas biyu masu yunit uku, ya shirya wa CA ɗinsu kamar babbar jarrabawa. Ranar da ya ga 12 cikin 15 a takardar da ke ɗauke da lambarsa, ta yi aikin da nasihar wata shida ba ta yi ba.

Wani abu da ake sakaci da shi: bambancin 68 da 70 a kwas mai yunit uku maki uku ne cur a jimilla. Aikin gida ɗaya da ba a miƙa ba, ko rahoton ɗakin gwaji ɗaya, yakan cinye wannan.

Ɗan Tsangaya:

Allah ya saka wa malamai. Ni inda hankalina ya tsaya shi ne kwanan aji. Yaron nan yana wahala, wahalar ce ba ta biya. Duk wanda ya kwana bakwai bai runtsa ba kuma ya ga F, dole ya ce kansa ne. Idan aka gyara tunaninsa aka bar shi da wannan salon karatu, zai sake faɗuwa, kuma karo na biyu ya fi na farko karya zuciya, tunda yanzu yana da hujja.

Abin da ɗalibai ke kira karatu yawanci maimaita kallon handawut ne da ja wa layuka alƙalami mai launi. A karo na uku shafin ya zama sananne ga ido, sai zuciya ta ce an iya. Sanin fuskar shafi daban, iya fito da abin da ke cikinsa daban. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗaliban jami'a gajeren rubutu. Wasu suka yi zama huɗu suna karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya sannan suka yi zama uku suna rubuta abin da suka tuna, takarda a rufe. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sun tuna kashi 40 cikin ɗari, masu gwada kansu kuwa kashi 61. Abin lura, masu maimaitawar su ne suka fi amanna cewa za su tuna. A 2013 John Dunlosky da abokansa sun auna dabarun karatu goma, biyu kaɗai suka samu babban matsayi: gwada kai, da rarraba karatu a kan kwanaki. Maimaita karantawa da jan layi suna can ƙasa.

Mu nan ba baƙon abu ba ne. A makarantar allo ba a wanke allo don almajiri ya daɗe yana kallonsa, sai ya biya da ka a gaban malam, kuma abin da ya haddace a baya yana cikin tilawa kullum don kada ya zube.

Yadda zai tsara shi a jami'a:

A daren ranar da aka yi lakca, minti 20. Ya rufe littafi, ya ɗauki farar takarda, ya rubuta duk abin da ya tuna. Sannan ya buɗe, ya cike giɓin da jan biro. Jan shi ne abin da bai sani ba, shi zai karanta, ba duka shafin ba. Bayan kwana uku ya sake, minti 10. Bayan mako guda ya sake. Bayan wata guda ya sake. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna a Jamus cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko, shi ya sa bitar farko ba ta jira.

Tsofaffin tambayoyi kuma daga mako na huɗu, ba makon jarrabawa ba. Na shekara biyar sun isa. Ya sa agogo daidai da lokacin da ake bayarwa, ya amsa da biro, sannan ya duba. Kuskuren da ake yi shi ne karanta tambaya tare da amsarta ana gyaɗa kai. A lissafi da kimiyyar sinadarai, ya kalli misali ɗaya da aka warware, ya rufe, ya warware shi da kansa, sannan ya nemi makamancinsa da aka canza wa lambobi. Ya kuma gauraya nau'o'in tambaya, don a jarrabawa babu mai gaya masa daga wane babi tambaya ta fito.

Ƙungiyar karatu kada ta wuce mutum huɗu, kowa ya zo da tambayoyi biyar da ya tsara, kowa ya tashi ya yi bayani. Tutoriyal ɗin da mutum ɗari ke zaune suna kallon gwani yana rubutu a allo lakca ce ta biyu.

Ku faɗa masa tun yanzu cewa wannan hanya ba ta da daɗi. Makon farko zai ga takardarsa ja wur, zai ji kamar ya fi da daƙiƙanci. A nan mutane ke komawa tsohuwar hanya. Ya ajiye takardun da kwanan wata a kai, bayan mako uku ya jera su ya ga yadda jan ke raguwa.

Barci kuma cikin karatun yake, don a lokacinsa ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka koya. Awa bakwai ake so ga baligi. Kofi da goro suna hana ido rufewa ne kawai.

Baban Walida:

Ban ƙi abin da aka faɗa ba, amma kada mu sayar wa Abu Sadiq da abin fiye da kuɗinsa. Maganar cewa basira tana ƙaruwa da aiki ta yi farin jini har ta zama ta masu lakcar biki. Da aka zo auna ta da gaske, tasirin ƙarami ne. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen shi ne wanda David Yeager ya jagoranta, aka buga a 2019: ɗalibai sama da 12,000 a makarantun sakandare 65 na Amurka, darasi ta intanet da bai kai awa guda ba. Masu rauni a karatu makinsu ya ƙaru da 0.10 a ma'aunin maki huɗu. Ga abin da bai ci awa guda ba wannan riba ce, amma ba zai kai 2.25 zuwa 3.50 ba. Kuma ya fi aiki a makarantun da sauran ɗalibai ba sa yi wa mai ƙoƙari dariya. Tattara binciken da Victoria Sisk da abokanta suka yi a 2018 shi ma ƙaramin tasiri ya samu, ya fi bayyana ga 'ya'yan talakawa da waɗanda ke bakin faɗuwa. Gyaran tunani ƙofa yake buɗewa, abin da Ɗan Tsangaya ya zayyana shi ne shigar.

Sannan akwai abubuwa uku da ake kira rashin himma alhali ba shi ba ne.

Aljihu. Ɗalibin da ke cin abinci sau ɗaya a rana, ko yake zaune nesa da makaranta yana lissafin kuɗin mota, zai riƙa tsallake lakcar ƙarfe takwas, kuma ba zai faɗa a gida ba don kunya. Tambaye shi dalla-dalla nawa yake kashewa a mako, a ina yake kwana, su nawa ne a ɗakin, akwai wuta ko babu. Idan kuɗi ne, tun 2024 akwai asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ba ruwa a kai, yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba da na kashewa duk wata ga wanda ya nema.

Lafiya. Idan ya kai mako biyu yana cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci ko cin abinci ya rikice, yana jin ba shi da amfani, to wannan ya wuce nasiha. Ciwon damuwa ne mai yiwuwa, a kai shi asibitin makaranta ko ofishin ba da shawara. Idan ya taɓa furta cewa gara ya mutu, a ranar za a kai shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.

Na uku shi ne likitancin da bai samu ba, kuma ina ganin an wuce shi da sauri. Edward Deci da Richard Ryan na Jami'ar Rochester sun nuna cewa himma mai ɗorewa tana tsayawa a kan abu uku: mutum ya ji da zaɓinsa a cikin abin da yake yi, ya ji yana iyawa, ya ji yana da mutane a wurin. Ƙaninka an ba shi kwas ɗin da bai zaɓa ba, ya faɗi, wataƙila abokansa suna can tsangayar likitanci. Duka ukun sun taɓu. Alkawarin waya ba ya gyara ko ɗaya, hasali ma gwaje-gwajen Deci tun 1971 sun nuna lada irin wannan na iya rage sha'awar aikin da zarar an janye shi.

Ku ajiye masa hanyoyin a fili ya zaɓa da bakinsa. Ko ya sake rubuta JAMB, ya san zai yi asarar shekara ko biyu kuma babu tabbas. Ko ya nemi canjin sashe, amma ya san likitanci ba ya karɓar mai 2.25. Ko ya zauna ya riƙe wannan da niyya. Kafin ya yanke, ya je ya ga masu wannan digiri a bakin aiki, a ɗakunan gwaji, kamfanonin magani da na abinci, hukumomi irin NAFDAC, da masu koyarwa. Wanda ya ce "na zaɓi in zauna" karatunsa daban yake da na wanda ke jin an ajiye shi.

Abu Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Lissafin Malam Mai Alli ya buɗe min ido. Saura abu biyu. Idan aka matsa masa yakan ce haka Allah ya ƙaddara, sai bakin kowa ya mutu. Sannan ya sha rubuta jadawalin karatu mai kyau ya manna a bango, ba ya kai mako guda. Yakan ce sai ya ji shauƙin karatun ya zo.

Maman Ilham:

Ta farkon ba a yi masa gardama, gaskiya ya faɗa, wurin da ya ajiye ta ne ba daidai ba. Ƙaddara ana kafa hujja da ita a kan abin da ya wuce don zuciya ta huta, ba a kan zangon da ba a fara ba. Ka tuna masa hadisin da Tirmizi ya ruwaito, na mutumin da ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya yi tawakkali, aka ce ya ɗaure ta kuma ya yi tawakkali. Idan akwai malamin da yake jin maganarsa, ya fi kyau ta fito daga bakinsa.

Jadawali kuwa, abu biyu ke kashe shi. Ɗaya, ana rubuta shi ne a ranar da zuciya ke tafasa, sai a zuba awa takwas a rana. Mutane ba su iya kintacen lokaci ba. A 1994 Roger Buehler da abokansa a Kanada sun tambayi ɗaliban shekarar ƙarshe yaushe za su gama kundinsu. Matsakaicin abin da suka ce kwana 34 ne, abin da ya ci kuwa kwana 55 da ɗoriya. Don haka duk abin da ya kintata, ya ƙara masa rabinsa. Ya fara da awa biyu a rana, zama huɗu na minti 25 da ɗan hutu a tsakani, ya bar yammacin Asabar fanko don biyan bashin abin da ya kuɓuce. Sai ya riƙe wannan mako biyu a jere kafin ya ƙara.

Biyu, jadawalin yana cewa "Talata: lissafi", bai faɗi yaushe ba, a ina, ko shafi nawa. Peter Gollwitzer ya yi gwaji da ɗalibai a Jamus, aka buga a 1997. An ce su rubuta rahoto kan yadda suka yi jajibirin Kirsimeti su aiko cikin kwana biyu. Waɗanda aka sa suka faɗi lokaci da wurin da za su zauna su rubuta, kashi 71 cikin ɗari sun cika. Waɗanda ba a sa su faɗa ba, kashi 32 ne suka cika. Ƙaninka ya rubuta nasa haka: "Idan na sallame sallar Asuba, zan wuce aji kaza in amsa tambaya uku daga takardar bara." Salloli biyar sun riga sun yanka masa yini, ya rataya kowane zama a jikin ɗaya, don ba ya mantuwa da su. Ya kuma tanadi amsar cikas tun kafin ya zo: idan aka ɗauke wuta zan koma ɗakin karatu na makaranta, idan abokai suka zo hira zan ce sai bayan Isha'i.

Shauƙin da yake jira yawanci bayan an fara yake zuwa. Ya yi wa kansa alkawarin minti biyar kacal, da izinin tashi idan sun cika. Wuyar tana wurin buɗe littafin. Waya kuma a jaka, jakar a nesa, ba a kife a kan tebur ba. Idan handawut ɗin a cikinta yake, ya buga shi a takarda ko ya kashe data kafin ya zauna.

Naka aikin, Malam, kira ɗaya ne a mako, rana ɗaya tsayayya. Kada ka tambaye shi ko yana karatu, zai ce e. Ka ce ya turo maka hoton takardun jan biro na wannan makon, ya kuma yi maka bayanin abu ɗaya da ya koya cikin minti uku. Idan mako ya zo babu takarda, ka tambayi abin da ya tare shi, ku gyara wannan layin na jadawalin, ku bar sauran yadda suke.